Wane baƙin mai ya dace da injin da aka sake ɗaurawa, kuma dole ne a nemo man ranin na musamman?

Abu Nana, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina yi wa dattawa da sauran ma'abota wannan zaure fatan alheri, tare da neman shawarar waɗanda Allah ya ba sanin inji a kan wani al'amari da ya ɗaure mini kai.

Ina da Peugeot 504 wagon, haɗin Kakuri, mai injin fetur na 1971cc, wadda nake ɗaukar iyali da kayan shago da ita. Ta daɗe tana shan baƙin mai tana tayar da shuɗin hayaƙi, har ta kai ba na fita sai da galan a but, saboda haka na yanke shawarar a sauke injin a yi masa aiki gaba ɗaya maimakon in sayi na Beljiyam wanda ban san tarihinsa ba. An sa sababbin silif (bututun ƙarfen da fistan ke hawa da sauka a ciki) da fistan da ringi, an yanka kiranshaf an sa metal (ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kansa) daidai da sabon awonsa, an gyara bawul, an kuma sa sabon gasket. Yanzu an ɗaure injin an mayar da shi mazauninsa, abin da ya rage kawai shi ne a zuba mai a tayar.

A nan ne bakin mutane ya rabu. Bakanikena ya ce in sayo mafi arhar mai, ko da na awo ne wanda ake sayarwa a kwalba a bakin titi, tunda ba da jimawa ba za a zubar da shi, sannan a bar motar a silo, wato tana kunne a tsaye ba a taka totur ba, daga safe zuwa la'asar domin ƙarafan su saba da juna. Mai shagon da nake sayen kaya a wurinsa kuwa ya ce asara ce in kashe wannan kuɗi a kan inji sannan in shayar da shi mai arha, ya nuna mini man sintetik 5W-40 ya ce shi ne zai kare sababbin kayan. Sai kuma ɗan yayana, wanda ke yawan karance-karance a intanet, ya ce duka biyun ba daidai ba ne, wai a Turai da Amurka akwai mai na musamman da ake yi domin ranin kaɗai, wato lokacin farko da sababbin kayan inji ke daidaita da juna, kuma duk injin da bai sha shi ba ringinsa ba zai taɓa zama ba.

Tambayoyina su ne: shin wannan mai na musamman wajibi ne, ko akwai abin da zai tsaya a madadinsa a cikin man da muke samu a nan Kaduna? Bayan tafiyar kilomita nawa ya kamata a yi juyen farko? Kuma mene ne gaskiyar batun barin mota a silo? Na hana a tayar da injin sai na ji daga gare ku. Allah ya saka da alheri.

Baban Gareji, Kakuri

Wa alaikumus salam, Malam Abu Nana. Allah ya sanya alheri, ya sa a mora lafiya. Ka yi dabara da ka hana a tayar, domin abin da zai faru a rabin awar farko ya fi abin da zai biyo baya a wata guda muhimmanci.

Kafin a yi maganar mai, ya kamata a san abin da ake nema da ranin ɗin kansa. Ka sa a haska maka tocila a cikin sabon silif, idan akwai wani a garejin wanda ba a ɗaura ba, za ka ga bangonsa ba santsi ne da shi ba. Akwai siraran zane-zane da suka gitta juna a karkace, sun zagaye shi daga sama har ƙasa, kuma da gangan aka yi su. Amfaninsu biyu ne: ramukan suna riƙe ɗan mai domin ringi ya sami abin zamewa a kai, tudun kuma yana cin fuskar ringi, ringin ma yana cin sa, har su daidaita su rufe duk wata kafa da iska ko mai zai bi. Kamar dutsen niƙa ne, idan ya yi santsi ba ya niƙa, sai an sassaƙe shi. Wannan kaushi ba ya daɗewa. Idan ya ƙare kafin ringi ya zauna, to an rasa damar, kuma ba ta dawowa sai an sake sauke inji.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba ƙarfin lanƙwasar ringi ne kaɗai ke manna shi da bango ba. Iskar da ke fashewa a saman fistan ce ke zagayawa ta bayan ringin ta tura shi waje da ƙarfi. Idan mota tana silo, fashewar ba ta da ƙarfi, ringin yana shafar bangon ne kawai ba ya cin sa, mai yana tsallakewa ya ƙone a kan zanen ya cike ramukan, har bangon ya yi wani sheƙi mai launin ruwan zuma. Injin da ya yi wannan sheƙi zai ci gaba da shan mai ko da komai nasa sabo ne. Saboda haka, tare da girmamawa ga abokin sana'ata, batun silo daga safe zuwa la'asar ban yarda da shi ba ko kaɗan. Al'ada ce da ta daɗe a garejojinmu, mun taras ana yi, kuma asalinta tsoro ne: ana jin tsoron an ɗaure metal da tauri, sai a bar inji ya yi ta juyawa har ya saki. Maganin wannan shi ne a auna tazarar metal tun wurin haɗi, a tabbata kiranshaf yana juyawa da hannu ba tare da ya cije ba. Metal da kiranshaf ba a so su taɓa juna ko kaɗan, a kan mai suke yawo, don haka babu wani sabo da za su yi.

Yanzu sai batun mai. Na awo a kwalba, ka cire shi daga lissafi. Ba ka san abin da ke ciki ba. Wani tsohon mai ne aka tace, wani kuma ɗanyen tushen mai ne wanda ba a zuba masa sinadarin kariya ko ɗaya ba, kuma lokacin da inji ya fi bukatar kariya shi ne wannan lokaci da ƙarfe ke cin ƙarfe. Cewa za a zubar da shi ba hujja ba ce, domin kafin a zubar ya riga ya yi aikinsa ko ɓarnarsa.

Sintetik kuma ni ba na zuba shi a juyen farko na irin wannan inji. Abin da nake zubawa shi ne man mineral na gaskiya, a rufaffen galan, daga gidan mai ko dila da aka sani, 20W-50 ko 15W-40. Shi 504 an gina shi ne a zamanin irin wannan mai, tun daga fitowarsa a Faransa a 1968 har zuwa lokacin da aka fara haɗa shi a nan Kakuri a 1975, kuma dubban injinan da aka ɗaura a garin nan da shi suka yi ranin. Man ranin na musamman da ɗan yayanka ya faɗa akwai shi, ba ƙarya ya yi ba, kuma idan ka same shi na gaskiya babu laifi. Sai dai ban ga dalilin ajiye mota ana jiran a yi odarsa daga waje ba.

Ga yadda nake yi. A cika sabuwar filta da mai kafin a ɗaura ta. A cire filogi duka, a yi ta ba ta sitata a taƙaice har wutar mai ta mutu a dashbod, alamar mai ya zaga ko'ina, sannan a mayar da filogi. A tabbata taimin da kafireto suna kusa da daidai tun kafin a tayar, domin kada a yi ta niƙa sitata fetur yana wanke bangon silif. Idan ta tashi, a duba yoyon mai da na ruwa, a bar ta ta yi zafi, a kashe, a sake duba geji. Daga nan sai titi. Ka fita ta Kawo ka kama hanyar Zariya da sassafe kafin manyan motoci su yi yawa. A giya ta uku ko ta huɗu, ka taka totur sosai daga gudun kilomita 50 zuwa 80, sannan ka ɗage ƙafa gaba ɗaya ka bar injin ya ja motar baya har ta dawo 50, ka maimaita kamar sau 10. Takawar tana manna ringi, ɗagewar kuma tana jawo mai sama ya wanke garin ƙarfen ya sanyaya bangon. Kada ka kai injin ƙarshen kukansa, kada kuma ka bar shi yana kakari a babbar giya a ƙaramin gudu, wannan na biyun ya fi illa.

Juyen farko, mai da filta, ka yi shi bayan wannan fita, cikin kilomita 100 na farko. Na biyu a wajen kilomita 800 zuwa 1,000.

Direban Sharon, Mando

Assalamu alaikum. Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya gamsar, amma ina da ja a wuri guda. Mu da muke lodi zuwa Abuja da Kano, abin da muka saba shi ne SAE 40 mai kauri, kuma ni a ganina zafin da ake yi a Kaduna a watan Maris da Afrilu ba zai bar siririn mai ya riƙe inji ba. Na ga motoci da yawa a tasharmu da aka yi wa ringi, aka zuba musu 40, aka bar su a silo rabin yini, washegari suka shiga layi, kuma suna nan suna aiki. Idan silo yana kashe inji kamar yadda aka faɗa, da yanzu babu motar haya ko ɗaya a Mando.

Sannan shawarar a taka sabon inji a ranar farko tana ba ni tsoro. Talaka ya tara kuɗi da ƙyar ya yi aiki, idan ya taka injin ya buga a Maraban Jos, wa zai biya shi?

Injiniya Abu Sadik, Barnawa

Assalamu alaikum. Na karanta bayanin Baba da kuma jan da ɗan'uwanmu direba ya yi, kuma ina ganin akwai abin ƙarawa ta fuskar abin da ke cikin galan ɗin kansa.

Man ranin na musamman ba wani sirri ba ne. Man mineral ne wanda aka bambanta da na yau da kullum ta hanyoyi uku. Ba a zuba masa sinadaran ƙara santsi da ake sa wa man zamani domin rage shan fetur ba, saboda ana so ringi ya ci bango. An rage masa sinadarin wanke datti, tunda ba zai daɗe a inji ba, kuma wannan sinadari yana gasa da na kariya wurin manne wa ƙarfe. Sannan an ƙara masa sinadarin kariya da ake kira ZDDP, wanda ya ƙunshi zinki da fosfaras, kuma ake amfani da shi a man inji tun shekarun 1940. Aikin wannan sinadari shi ne, duk inda ƙarfe biyu suka matsu da juna har zafi ya tashi mai ya tsere daga tsakaninsu, sai ya yi wani siririn rufi a kan ƙarfen, rufin ya riƙa cinyewa a madadin ƙarfen.

A cikin injin 504, wurin da ya fi bukatar wannan rufi shi ne tsakanin kamshaf, wato sandar da ke sa bawul ya buɗe, da tafet, wato ƙaramin ƙarfen da ke hawa a kansa. Tafet ɗinsa mai shimfiɗaɗɗiyar fuska ne, yana goga kai tsaye a kan ƙusumbin kamshaf, ba irin mai ƙaramar taya da ke cikin injinan zamani da yawa ba. Matsin da ke wannan ɗan wuri yana cikin mafi tsanani a injin gaba ɗaya.

Dalilin da ya sa ake ta surutun man ranin a shafukan Amurka shi ne, an yi ta rage wannan sinadari a man motocinsu, domin fosfaras yana lalata katalis ɗin da ke cikin salansa, wato abin da ke rage gubar hayaƙi. A ma'aunin ingancin mai na Amurka, wato API, a zamanin matakin SH iyakar fosfaras kashi 0.12 cikin 100 ce, aka sauko da ita zuwa 0.10 a SJ, sannan zuwa 0.08 da aka fito da SM a 2004, kuma a nan ta tsaya a SN da SP. Masu tsofaffin motoci a can suka fara ganin sabon kamshaf yana cinyewa tun a ranin, sai kasuwar man musamman ta buɗe. Amma wannan iyaka ta shafi siraran mai ne irin su 0W-20 da 5W-30 da 10W-30. Ba ta hau kan 20W-50 da 15W-40 ba, waɗanda su ne suka cika shagunanmu. Wannan ba ya nufin kowane 20W-50 yana da zinki mai yawa, amma yana nufin matsalar da ta kori Ba'amurke zuwa neman man musamman ba ta matsa mana kamar yadda ta matsa masa ba. Man dizal 15W-40 mai ɗauke da alamar CH-4 ko CI-4 haɗe da SJ ko SL yawanci yana da isasshen zinki, kuma ya halatta a injin fetur tunda yana da alamar S ɗin, ga shi 504 mai kafireto ba ta da katalis da za a ji wa tsoro.

Ban ba da shawarar a sayo ƙaramar kwalbar ƙarin sinadari a zuba a kan mai ba. Wanda ya haɗa man ya auna komai daidai da juna, kuma zinki idan ya wuce kima shi ma yana cin ƙarfe. Musamman a guji masu kaurin nan kamar danƙo da ake cewa suna hana hayaƙi, waɗannan na tsohon inji ne da ake lallaɓawa.

Game da sintetik, gaskiya ita ce akwai motoci da yawa da ke fitowa daga masana'anta da shi a cikinsu tun ranar farko, kuma ringinsu yana zama lafiya lau. Sai dai a masana'anta ana goge bangon silinda da na'urori masu tsananin daidaito, a kuma share tudun zanen tun kafin a haɗa, ta yadda ɗan abin da ya rage wa ringi ya ci kaɗan ne. Aikin gareji da kayan da muke saya a kasuwa bai kai wannan ba, don haka muna bukatar cin ya yi yawa. Ko ba don haka ba, zuba mai mai tsada wanda za a juye bayan kilomita 100 ɓarnar kuɗi ce. Ba kuma masu mota kaɗai ke bin wannan ƙa'ida ba. Kamfanin Lycoming, mai ƙera injinan ƙananan jiragen sama irin waɗanda ake koyon tuƙi da su, ya umarci a yi amfani da zallan man mineral a yawancin injinansa na tsawon awa 50 na farko ko har shan mai ya daidaita, kuma a ba injin aiki sosai a wannan lokaci. John Deere ma yana sayar da man ranin nasa domin taraktocinsa.

Ɗan'uwa direba, SAE 40 na gaskiya ba laifi ba ne a zafinmu, amma ka lura da cewa 15W-40 idan inji ya yi zafi kaurinsa ɗaya ne da SAE 40, lambar 40 ɗin ke nan, kuma 20W-50 ya ma fi shi kauri. Bambancin yana wurin tayarwa da safe, musamman da asubahin hunturu, lokacin da zallan 40 ke yin nauyi ya daɗe bai hau sama ba, alhali sabon metal matsattse ne yana jiran mai. Motocin tasharku kuma ina ganin lodin da suke ɗauka washegari ne ke cetonsu, domin hawa da sauka da fasinja cike shi ne ainihin abin da ringi ke so. Silo ba ya kashe inji nan take. Abin tambaya shi ne lita nawa ake ƙarawa tsakanin juye da juye, kuma bayan wata nawa aka sake komawa ringi.

Abu Nana, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Baba da Injiniya da ɗan'uwa direba, Allah ya ƙara ilimi. Maganar kamshaf ta sa na kira bakaniken na tambaye shi. Ya ce kamshaf ɗin tsohon ne aka mayar domin lafiyarsa ƙalau, amma tafet an sa sababbi gaba ɗaya saboda wasu daga cikin tsofaffin fuskarsu ta rarake. Shin wannan ya canza wani abu a tsarin da Baba ya bayar? Na kuma ji ya ce zai cire tamostat domin kada sabon inji ya yi zafi. Sannan idan an yi juyen farko, me zan duba a cikin man da zai nuna mini lafiya ko akasin haka?

Baban Gareji, Kakuri

Ya canza, Malam, kuma gara da ka tambaya. Da tsofaffin tafet aka mayar, kowanne a ramin da aka ciro shi, da babu wani abu, domin sun riga sun saba da ƙusumbinsu. Tunda sababbi ne, to su ma suna da nasu ranin, kuma shi ne farko kafin na ringi. Da zarar ta tashi, kada a bar ta ta sauka silo. A riƙe totur injin yana juyawa tsakanin 2,000 da 2,500 a minti, ana ɗan hawa ana ɗan sauka, na tsawon minti 20 zuwa 30. Dalili shi ne ƙusumbin kamshaf a irin wannan inji ya dogara ne ƙwarai da man da ke fantsama a ciki, kuma a silo fantsamar ba ta isa. Haka nan ana so kowane tafet ya riƙa juyawa a raminsa yayin da yake hawa da sauka, idan ya tsaya wuri guda ƙusumbin zai haƙa masa rami. Idan yoyo ya bayyana ko zafi ya hau a tsakiyar wannan aiki, a kashe gaba ɗaya a gyara, sannan a tayar a ci gaba daga inda aka tsaya. Ina fata an shafa wa fuskar tafet ɗin man haɗi lokacin ɗaurawa. Kuma tunda tsofaffin sun rarake, ka sa ya sake tabbatar maka da cewa ya duba kowane ƙusumbi da kyau, domin tafet ba ya cika lalacewa shi kaɗai, kuma cinyayyen kamshaf zai cinye sabon tafet ko wane irin mai aka zuba.

Tamostat a bar shi, idan ya mutu a sa sabo. Inji mai sanyi fistan ɗinsa bai buɗe ya cika silif ba, fetur kuma yana sauka ya tsinka mai. Idan mota tana zafi, a nemi dalilin a lagireto ko famfon ruwa ko fanka. A wannan minti 20 da mota ke tsaye, a ajiye babbar fanka a gabanta idan da hali.

Ga ɗan'uwana direba, tsoronka yana da tushe, amma injin da zai buga saboda an taka shi zuwa gudun 80 a giya ta uku ya riga ya sami matsala tun a teburin haɗi, ko dai awon metal, ko datti a hanyoyin mai, ko gam da aka labta ya ɓalle ya toshe rariyar famfon mai. Gara ya nuna kansa kusa da gida da mota babu kowa. Dattin nan kuwa shi ne babban abokin gabanmu, musamman da hunturu da ake haɗa inji a fili ƙura tana sauka. Silif ba a wanke shi da fetur kaɗai, sai da ruwan zafi da sabulu, a yi ta gogawa da farin ƙyalle har ƙyallen ya fito fari, sannan a shafa mai nan take.

Wurin juye, ka tsaya da kanka. A tare man a wankakken kwano tun yana da ɗumi, ka fita da shi rana ka karkata kwanon a hankali. Za ka ga wani laushin gari mai launin toka yana sheƙi yana bin man, wanda idan ka murza a yatsa ba za ka ji komai ba. Wannan daidai ne, cin ringi da silif ne, kuma ya kamata ya ragu sosai a juye na biyu. Abin tsoro shi ne ɓarɓashin da yatsa ke ji, ko ƙyalli mai launin jan ƙarfe, wanda ke nuna metal ne ke cinyewa. Ka ja maganaɗisu a gindin kwanon, idan ya fito da siraran tsinkayen ƙarfe, a buɗe a duba kamshaf da tafet. Ka sa a yanka tsohuwar filtar a baje takardar cikinta, domin manyan gutsattsarin a nan suke maƙalewa, amma kada a yanka da zarto, garin zarton zai rikita ka. Idan kuma man ya fito fari-fari ya yi kauri, ruwa ne ya shiga, kuma a 504 wurin da ake fara zargi shi ne gindin silif, tunda silif ɗinsa a cikin ruwa yake zaune, sai kuma gasket. Idan yana warin fetur sosai, a gyara kafireto kafin a ƙara tafiya.

A cikin kilomita 1,000 na farko ka riƙa duba geji kowace safiya a wuri mai daidai, domin sabon inji yana ɗan shan mai kafin ringi ya zauna, kuma hakan ba abin damuwa ba ne muddin yana raguwa. Ka guji cunkoson Ahmadu Bello Way da yamma gwargwadon iko, ka guji cika ta da kayan shago har ta durƙusa, kada kuma ka kafa ƙafa a gudu ɗaya tun daga Kaduna har Zariya. A juye na biyu a sake ɗaure notocin kan silinda da sifana mai awo idan injin ya huce, in dai gasket ɗin irin wanda ke bukatar haka ne, sannan a sake saita bawul, domin sababbin tafet da gasket suna zama tazarar ta canza. Daga nan ka ci gaba da man mineral ɗinka kana juye a kan kari. Idan kana sha'awar sintetik, ka jira sai shan mai ya tsaya cak, wajen kilomita 3,000 zuwa 5,000, kuma ka zaɓi mai kaurin 40 ko 50. Idan ta wuce kilomita 2,000 tana hayaƙi kamar da, kada a ce maka ka ƙara haƙuri, a auna kamfireshan na kowace silinda, a cire filogi a ga wacce ce ke jiƙewa da mai.